Ranar da na riƙe wutsiyar kada a Paga

Ni ɗan Kaduna ne, garin da sunansa ma daga kada aka samo shi, amma wallahi har na haura shekara talatin ban taɓa ganin kada a kogin nan namu ba, sai dai a gidan zu, yana kwance cikin wani ɗan kwalbati mai koren ruwa yara na jifansa da dutse wai sai ya motsa. Kuma malamin bayoloji ne ni a sakandare, shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina faɗa wa ɗalibai cewa dabbobi masu jan ciki, su kadangare da maciji da kunkuru da kada, ƙwaƙwalwarsu 'yar mitsitsiya ce basa koyon komai, abinda aka halicce su dashi kawai suke bi, yunwa da tsoro da barbara shikenan. Haka aka koya min, haka na koyar. Tafiyar da nayi Ghana a hunturun da ya wuce ce tasa na daina faɗin wannan magana a aji.

Bikin ɗiyar kawuna ne ya kaini. Shi kawun nawa tun yana saurayi ya bi fatauci ya zauna a Tamale, yayi aure ya hayayyafa acan, ni kuma aka ce in wakilci dangi tunda muna hutun ƙarshen shekara. Ta Legas na bi, Seme, Kwatano, Lome, muka shiga Ghana ta Aflao, daga Akra zuwa Kumasi, daga Kumasi motar dare har Tamale. Ba zan cika ku da labarin boda ba, duk wanda ya taɓa bin hanyar nan yasan yadda ake sauke mutum a sake ɗauka a sake saukewa, ƙafafuna sai da suka kumbura. Amma da safe da aka kawo min koko mai yaji da ƙosai, naji yara a tsakar gida suna Hausarsu ta zango wadda mace ma "ya" ake ce mata, amarya ya tashi, inna ya tafi kasuwa, sai naji gajiyar ta sake ni.

Bayan an watse daga biki ne babban ɗan kawu, wanda nake ce wa Yaya, yace zai je Paga tarbar motar tumatir. Da rani tumatirin da ake ci a kudancin Ghana da yawa daga Burkina Faso yake shigowa, ta bodar Paga, sana'arsa kenan. Yace "Malam ka shirya mu tafi tare, zan kai ka ka riƙe wutsiyar kada da hannunka." Na ɗauka wasa yake, sai naga Kawu ya gyaɗa kai yace ai gaskiya ne, shi ma ya taɓa zuwa.

Bayan azahar muka bar Tamale, muka wuce Savelugu da Walewale, muka haye gadar Farin Volta a Pwalugu, ƙasar kamar kana tsakanin Funtuwa da Gusau, ga kuka ga kaɗanya ga ɗorawa, zabi na tsallaka titi, hazo ya rufe ko'ina. A Bolgatanga muka kwana. Daga nan zuwa Paga wajen kilomita 40 ne ta Navrongo, don haka ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muna bakin tafkin.

Abinda ya fara bani mamaki shine babu katanga mai tsawo, babu raga, babu komai, tafki ne a cikin gari kamar kowane tafki, wata mata na wanki a can gefe da robarta, wani yaro ya koro shanu suna shan ruwa, titi na nan kusa manyan motoci na wucewa. Na duba ruwan ban ga komai ba sai wasu 'yan ƙullutai baƙaƙe nan da can kamar guntayen itace. Wani dattijo cikin masu kula da wurin ya taso ya tarbe mu, Bakasene ne, yarensu Kasem, amma yana jin Hausar kasuwa sosai. Muka gaisa, muka biya kuɗin shiga da kuɗin kaza, wata 'yar budurwar kaza ja, sai nace Baba to mu je mana. Ya ɗaga kai ya kalli rana, wadda hazo ya mayar kamar farin faranti, yace "Malam zauna tukuna. Yanzu ko na kira ba zasu ji ba, jikinsu bai yi ɗumi ba."

Muka zauna akan benci kusan awa ɗaya da rabi, Yaya na ta waya da direbansa wanda ke maƙale a can ɓangaren Burkina, ni kuma ina jin labari daga bakin Baba. Yace a wurinsu kada ba dabba bane kawai. Kakansu na farko, ƙishirwa ta kusa kashe shi a daji, kada ne ya nuna masa hanyar ruwa, wasu kuma suna cewa kada ne ya haye dashi kogi lokacin da ake binsa, ko ma wanne ne dai ya ɗauki alkawari cewa shi da zuriyarsa ba zasu kashe kada ba, ba zasu ci namansa ba. Suna ganin kowane kada na tafkin yana da alaƙa da ran wani ɗan garin. Yace da daddare kadojin na fitowa su bi cikin gari daga wannan tafki zuwa wancan, matan ma har kusa da gidaje suke zuwa su haƙa rami su saka ƙwai, ba mai taɓa su.

Da rana ta ɗan yi ƙarfi muka cire rigunan sanyi, sai ya miƙe ya karɓi kazar daga hannun wani saurayi, ya riƙe ta ta ƙafafu, ya taka zuwa bakin ruwa da sandarsa. Yayi wani irin fito gajere sau biyu, ya girgiza kazar tayi kuka, ya kira da yarensu. Jama'a, guntayen itacen nan da na gani ɗazu sai suka juyo. Ba duka ba, kamar huɗu ko biyar. Ɗaya babba daga tsakiyar tafkin ya nufo mu, ruwa na tsagewa biyu a gefen hancinsa babu ko ƙara, yana isowa gaɓa sauran suka tsaya cak a baya. Ya ɗago jikinsa akan ƙafafu huɗu, ciki bai taɓa ƙasa ba, ya tako a hankali yana jan wutsiya, ya wuce taɓo ya hau busasshiyar ƙasa, ya zo daidai wani wuri da ƙasar ta shafe tayi sumul saboda yawan kwanciya, ya kwanta ya buɗe baki ya tsaya.

Wannan tsayuwar ita ce har yau take min yawo a kai. Kazar na hannun Baba, tsakaninsu bai fi taku uku ba, tana fuffuka tana kuka. Ni nasan me kada zai iya yi a taku uku, dabbar da ke fizgo akuya daga bakin ruwa kafin ka ƙifta ido. Amma ya kwanta yana jira. Baba yace in zagayo ta baya, kar in bi ta gabansa, kar in shiga tsakaninsa da ruwa, kar in yi gudu. Na zagaya zuciyata na dukan uku-uku, na tsuguna na kama wutsiyar da hannu biyu na ɗaga. Nauyi gareta fiye da yadda na zata, samanta da ƙaya-ƙaya masu tauri kamar tsohuwar tayar mota, ta gefe kuma da ɗan laushi, a bushe take ba santsi ko kaɗan, sanyin ruwa bai gama fita daga jikinta ba. Daga inda nake ina hango idonsa ta gefe, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ƙwayar a tsaye siririya kamar ta kyanwa da rana, can sai wata 'yar yana ta shafo idon ta koma. Idon ba ni yake kallo ba, kuma ba kazar ba. Hannun Baba yake kallo.

Yaya ya ɗauke ni hoto, shi ma ya tsuguna aka ɗauke shi, muka ɗauki minti goma ko fi, kadan nan bai motsa ba. Sai da Baba yace mu ja baya, ya ɗan lanƙwasa hannu, to a nan ne naga kan kadan ya ɗago tun kazar bata bar hannu ba, ya riga ya san wannan lanƙwasawar. Aka wurga, ya cafke a sama, ƙarar haɗuwar muƙamuƙin kamar an buga katako biyu, ya juya ya koma ruwa. Yana shiga, wani ƙarami da ke laɓe a gefen ciyawa tun ɗazu ya fito ya zo ya kwanta a daidai wurin nan mai sumul, ya buɗe baki shi ma.

A wurin mai shayi kusa da boda gardama ta kaure. Yaya yace asiri ne, ba wani abu ba, irin na gardawan da ke wasa da maciji da kura a kasuwannin gida, mutanen nan sun gaji sirrin ne daga kakanninsu. Mai shayin, wani bazabarme, yace babu wani asiri, yunwa ce, duk dabbar da ka saba ba abinci zata biyo ka. Ni dai ban iya cewa komai ba da farko, amma duk maganganun biyu basu zauna min ba. In asiri ne me yasa sai an jira rana ta ɗumama su, me yasa sai da kaza? In kuma yunwa ce kawai, ai yunwa cewa zata yi ya fizge kazar tun daga hannu, ko ya kama ɗan maraƙin da ke shan ruwa can gefe. Zuwan ba shi bane abin tambaya, jiran ne. Dabbar da ta san cewa in ta fito ta kwanta a wuri kaza, ta bari baƙi suka taɓa mata wutsiya, ta haƙura, to a ƙarshe za'a bata, wannan ai ta haɗa abu huɗu ko biyar a jere ta riƙe su a kanta.

Motar tumatir bata samu fitowa ba ranar, takardu suka riƙe ta, dole muka nemi masauki. Daren nan ban yi barcin kirki ba, na sayi data na kwanta ina karatu a waya har wajen ƙarfe biyu, kuma abinda na fara cin karo dashi sai da yasa na tashi zaune, domin maganar Baba ce ta safe. Wani masani ɗan Amurka, Gordon Burghardt, tun 1977 ya bi gwaje-gwajen da aka yi a baya akan koyon dabbobi masu jan ciki, ya nuna cewa da yawansu an yi su ne ba yadda ya dace ba, a saka kadangare ko kunkuru a ɗaki mai sanyi, a bashi jarrabawar da aka tsara don ɓera, in ya kasa ace daƙiƙi ne. Alhali su jikinsu baya haɗa zafin kansa, daga rana suke samu, in babu ɗumi komai nasu a hankali yake tafiya har da ƙwaƙwalwa. Kuma ɓera kullum cikin neman abinci yake, zaka iya bashi lada sau hamsin a yini, shi kuwa kada ko maciji in yaci sau ɗaya zai iya kwanaki bai sake nema ba, to da me zaka lallashe shi? Dattijon da bai shiga ajin bayoloji ba ya faɗa min wannan da kallon rana kawai, ni da nake da takardar shaida ban taɓa tunaninsa ba.

Da aka gyara yadda ake gwajin sai labari ya canza. A 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Duke, Manuel Leal da Brian Powell, suka ɗauki wasu 'yan kadangaru na tsibirin Puerto Rico guda 6, suka ɓoye tsutsa a rami suka rufe da murfi mai launi. Su waɗannan kadangarun a daji daga sama suke dirowa kan abinda ke motsi, basu taɓa ganin murfi ba, amma 4 daga ciki suka gano yadda zasu cire shi, wani ya ciji gefen ya ja, wani ya cusa hanci ta ƙasa ya ɗaga. Da aka sauya aka mayar da tsutsar ƙarƙashin wani launin daban, biyu suka bar tsohon suka koma sabon. Wannan ya taɓa ni sosai, don barin abinda ka saba dashi ya fi koyonsa wuya ko a wurin mutum.

Na kunkuru kuwa ya fi bani mamaki, duk da mu a tatsuniya dama mun bashi wayo. Wata masaniya a Jami'ar Lincoln ta Ingila, Anna Wilkinson, ita da abokan aikinta a 2010 suka ajiye abinci a bayan wani shinge mai kusurwa wanda sai kunkuru ya juya wa abincin baya ya zagaya kafin ya kai gareshi. Waɗanda aka bari su kaɗai babu wanda ya iya, sai su tsaya suna tura shinge. Waɗanda suka kalli wani kunkurun da aka horar yana zagayawa, duk suka kai ga abincin. Kuma fa wannan kunkuru ne mai jan ƙafa na Kudancin Amurka wanda uwarsa bata reno, yana fashewa daga ƙwai shi kaɗai yake rayuwarsa, amma yana iya kallon ɗan uwansa ya ɗauki darasi. Nan take na tuna ƙaramin kadan da ke laɓe a ciyawa yana kallon babba, ya fito ya kwanta a gurbinsa. A gidajen zu na Vienna da Zurich kuma an koya wa manyan kunkurai irin na Galapagos da Aldabra su je su ciji ƙwallo a bakin sanda a basu abinci, aka dawo bayan shekara 9 aka nuna wa uku daga cikinsu sandar, suka taso suka cije ta. Shekara tara. Ni ɗalibaina ana dawowa daga dogon hutu sai mun sake bitar rabin abinda muka yi, kuma ban ga laifinsu ba, haka ƙwaƙwalwa take in ba'a taɓa abu.

Na kuma samu wani abu da ya rage wa maganata ƙarfi ta wani ɓangaren, dole in faɗa. Kadojin Paga ba irin kadan kogin Nilu bane mai kashe mutane a gabashi da kudancin Afirka, duk da an daɗe ana haɗa su wuri ɗaya. A 2011 gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa na Afirka ta Yamma jinsi ne daban, ana ce masa Crocodylus suchus, ya fi ƙanƙanta kuma bai kai wancan faɗa ba, har ma aka gano cewa gawarwakin kadojin da mutanen Misra na da suka adana waɗanda aka gwada, irin wannan ne. Kenan halitta ma ta taimaka, ba koyo kaɗai bane. Shi yasa ake samun irin wannan zama a Bazoule ta Burkina Faso da Kachikally ta Gambiya, duk yankinmu ne. Amma sauƙin hali baya koya wa dabba gane fito, baya nuna mata wurin kwanciya.

Washegari da la'asar na koma ni kaɗai, ban sayi kaza ba, nace Baba zuwa nayi in zauna kawai in kalla. Yayi murmushi ya matsa min a benci. Yanzu rana ta gasa su, kusan goma na kwance a gaɓa baki buɗe suna shan iska, daga kusa zaka ga wata fata a can ƙuryar baki ta toshe maƙogwaro, ita ke hana ruwa shiga in ya kama abu a cikin ruwa. Na roƙe shi izini in gwada fiton, yace gwada. Na tsaya inda ya tsaya jiya na kwaikwayi fiton iya yina, sau uku. Ɗaya ya buɗe ido ya rufe. Shikenan. Sai Baba ya taso, babu kaza a hannunsa, bai ma yi fito ba, takowa kawai yayi da sandarsa zuwa bakin ruwa, naga kawuna biyu a cikin tafkin sun juyo, suka matso kaɗan, suka tsaya suna kallonsa, da suka ga hannu wayam suka nutse. Yace "Sun san ranar da nake da abu, sun san ranar da bani da shi."

Ya dinga nuna min su ɗaya bayan ɗaya da sanda kamar mai nuna 'ya'yan unguwa. Wancan mai guntuwar wutsiya shi ke fara zuwa in babban baya nan. Wancan baya son a taɓa shi, ko ya fito basa bari baƙo ya matsa. Akwai wani can nesa da yace tunda yake aikin nan bai taɓa amsa kira ba, kifinsa da kwaɗinsa yake ci, ba ruwansa da kowa. Ni da nake koyar da cewa duk kada kada ne, inji ɗaya aka buga su, ga mutum yana rarrabe min halayensu.

Na tambaye shi game da matan da ke saka ƙwai, nan fuskarsa ta canza, yace wannan lokacin ba wasa, ko shi baya kusantar ramin, uwa bata san kowa ba in tana gadi. Yace in lokaci yayi 'ya'yan na kuka tun suna cikin ƙwai, ita kuma ta zo ta tone su ta kwashe a baki ta kai ruwa. Wannan ma na karanta shi a daren jiya, wasu masu bincike a Faransa, Vergne da Mathevon, a 2008 sun naɗi kukan suka binne lasifika a cikin yashi suka kunna, iyayen suka hau tono. Bakin da ya murƙushe kaza jiya a gabana, shi ke ɗaukar ɗan da yanzu ya fito daga ƙwai bai ji masa ciwo ba. Waɗannan 'yan ɗige-ɗigen baƙaƙe da ke zagaye da muƙamuƙinsa, da na ɗauka ado ne, ashe na jin taɓi ne, an auna an samu sun fi kan yatsan mutum ji.

Ni musulmi ne, ban yarda ran wani na cikin kada ba, kuma ban je don in yi masa gardama akan abinda ya gada ba. Amma a zaunen nan na fahimci amfanin da haramcin nasu yayi ko da ta wata hanyar ce. Kada dabba ne mai tsawon rai, yana shekaru da dama. Wanda aka ƙyanƙyashe a Paga tun yana ɗan tsako yake ganin ƙafafun mutane a bakin ruwa, mata na wanki, yara na wanka, ba'a taɓa jifansa da mashi ba, ba'a taɓa ɗana masa ƙugiya ba, ya girma akan haka, na bayansa suka taso suka tarar da manya basa gudu. Mutanen suma sun koyi nasu, ta ina ake zagayawa, wanne ake taɓawa, wane wata ake nisa. Ɓangare biyu ne kowa ya karanci ɗan uwansa tsawon zamani. Ban kira shi ƙauna ba, kar wani ya karanta wannan yaje ya rungumi kada a rafin garinsu, na lura Baba duk hirar da muke bai taɓa juya wa ruwan baya ba ko sau ɗaya. Da na faɗa wa Yaya haka da daddare yace to ai dama sabo turken wawa ne, wanda ya daɗe a wurin kuma yana da rai shine wanda bai yarda sabon ya ɗaure shi ba.

Abinda ya dame ni a hanyar dawowa kuwa ba kada bane, kadangare ne. Muna yara a unguwarmu danƙo ne a wuyan kowa, mu bi bango muna harbin jan gwada, mu jera gawarwakinsu muna ƙirga wa yafi kashewa, ba ci zamu yi ba, ba komai ba. Kuma tun a lokacin mun san wani abu da bamu ba muhimmanci ba, kadangarun bayan makaranta inda muke harbi tun daga nesa suke gudu in sun hango yaro ya ɗaga hannu, na tsakar gidan kakata kuwa inda ta hana a taɓa su har kusa da tabarmarta suke zuwa in tana tsince shinkafa. Damo da muke ce wa sarkin haƙuri, guza da ke satar ƙwai a akurki ta hanya ɗaya kullum har sai an toshe ya nemo wata, duk muna ganinsu, manoma da mafarauta sun san wannan tuntuni. Ni ne na shiga makaranta aka ce min basu da wayo na yarda, na bar abinda idona ya gani.

Motar tumatir ta fito a rana ta uku, muka biyo ta a baya har Tamale, na ƙara kwana biyu na kamo hanyar gida.

Da aka koma makaranta na ba 'yan SS2 labarin nan duka, na nuna musu hoton, sannan nace zamu gwada da kanmu. Akwai wani jan gwada da ya mallaki bangon bayan dakin gwaje-gwaje, kullum yana nan yana gyaɗa kai. Muka samu guntun katako muka huda rami biyu, kullum ƙarfe sha ɗaya in rana ta yi zafi sai mu saka gara a rami ɗaya mu ja baya mu zauna shiru, yara biyu na rubuta lokaci a littafi. Kwana huɗun farko ko kallo bai yi ba sai mun tashi. A rana ta shida ya sauko muna zaune. Yanzu mun kai sati uku, yana ganin yarinyar da ke ɗauko katakon yake fara saukowa tun bata ajiye ba, in wani ne ya ɗauko sai ya tsaya a rabin bango. Shekaranjiya muka fara rufe ramin da murfin lemo, ya zo ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa da hanci, ya koma bango. Yaran sunce murfin yayi masa nauyi, gobe zamu yanko na kwali mu gani.